Gurbin wanda ya tafi: abin da na koya daga Mike Rutherford

Aikina shirya shirye-shirye ne a gidan rediyo, kuma cikin abin da nake riƙe da shi akwai wani fili na mako-mako da muke kawo tarihin makaɗan ƙasashen waje. Ƙa'idata ita ce ba na rubuta komai a kan makaɗi sai na saurari faya-fayansa bi da bi, tun daga na fari. Yawanci nakan gama, in rubuta, in wuce gaba. Na Mike Rutherford, makaɗin jita na ƙungiyar Genesis ta Birtaniya, shi ne ya zauna mini a rai, har ya sauya yadda nake kallon aiki tare da mutane.

An haife shi ranar 2 ga Oktoba, 1950, a yankin Surrey da ke kudancin Ingila, mahaifinsa kyaftin ne a rundunar sojin ruwan Birtaniya. Aka kai shi Charterhouse, makarantar kwana ta 'ya'yan masu hali, inda malamin da ke kula da ɗakin kwanansu ya hana shi taɓa jita. Hanin bai hana komai ba. A can ya haɗu da Anthony Phillips da Tony Banks da Peter Gabriel, a 1967 suka kafa ƙungiyar kiɗan rok da aka sani da Genesis. Faifansu na farko ya fito a 1969, bai yi kasuwa ba.

Daga nan sai mutane suka riƙa fita ɗaya bayan ɗaya. Phillips, amininsa, wanda suke kaɗa jita mai tsirkiya 12 tare, ya ajiye a 1970 saboda rashin lafiya da fargabar hawa dandamali. A 1975 Gabriel, wanda shi ne muryar ƙungiyar kuma shi jama'a ke zuwa kallo, ya yi sallama. Mu nan mun san yadda irin wannan ke ƙarewa: ranar da babban mawaƙi ya ajiye, makaɗa da 'yan amshi kowa ya kama gabansa, domin dama sunansa ne ke riƙe da su. Jaridun Ingila ma haka suka zata. Genesis suka gwada mawaƙa da dama, babu wanda ya kwanta musu, a ƙarshe mai ganga Phil Collins ya taso daga bayan gangunansa ya karɓi waƙa. Ba a gama shan wannan ba, a 1977 Steve Hackett, gwanin jitarsu, shi ma ya tafi. Suka rage su uku: Rutherford da Banks da Collins.

Kafin lokacin, babban aikin Rutherford jitar bes ce, mai kaurin muryar nan da ke riƙe gindin kiɗa, wadda mai sauraro ba ya lura da ita sai in ta yi shiru. Amma tun da wuri ya saba ɗaukar aikin mutum biyu. Yakan rataya wata jita mai wuya biyu, sama mai tsirkiya 12, ƙasa bes, ga kuma wasu maɓallai a ƙasa da yake takawa da ƙafa su ba da sautin bes yayin da hannunsa ke kan jita. Duk wanda ya kalli tsofaffin bidiyonsu zai gan shi a gefe, dogo, kai a sunkuye, hannu na aiki ƙafa na aiki, idon jama'a kuma na wani wajen.

Da Hackett ya tafi, ba su nemo wani gwani daga waje ya zama ɗan ƙungiya ba. Rutherford ne ya karɓi jitar. Abin da ya kama ni da na saurari faifansu na 1978 shi ne, bai yi ƙoƙarin zama Hackett ba. Hackett mutum ne da kan bar jita ta yi dogon kuka ita kaɗai, tana hawa tana sauka. Hannun Rutherford bai kai nan ba, kuma ya san haka. Shi gwaninsa gajeren kiɗa ne da ake maimaitawa har ya zauna a kunne, a gina waƙa a kansa. Sai ƙungiyar ta rage tsawon waƙoƙinta, ta sake su daidai da hannayen da suka rage mata. A faifan ne aka sami "Follow You Follow Me", wadda shi ya rubuta baitocinta, waƙarsu ta farko da ta shiga goman farko a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Birtaniya. Akwai tsofaffin masoyansu da har yau ke cewa an sayar da fasaha don kuɗi. Ni ban yarda da su ba. Da sun nace sai sun yi irin na da, da sun zama masu kwaikwayon kansu, kuma da ba su iya ba.

Wannan ya yi mini amfani kai tsaye. Akwai lokacin da babban mai gabatar da filinmu ya koma wani gidan, mutumin da kan yi minti goma yana zuba da ka ba takarda. Aka ba wata matashiya filin. Masu sauraro suka fara kira suna cewa ba ta kai shi ba, wasu abokan aiki kuma suna ta ba ta tsofaffin shirye-shiryensa wai ta koyi salonsa. Na roƙi a bar ta. Ita baiwarta tambaya ce, ta iya sa baƙo ya buɗe baki ya faɗi abin da bai zo da niyyar faɗa ba. Muka rage dogon sharhi, muka mayar da rabin filin hira. Filin ya zama wani abu dabam, amma ya rayu, kuma nata ne.

Akwai wani abin da ya fi wannan wuya a zuciya. Idan za su fita rangadi sukan ɗauki wani Ba'amurke, Daryl Stuermer, tun daga 1978. In an zo tsofaffin waƙoƙin da ke da wuraren Hackett masu wuya, sai Rutherford ya koma kan bes ya bar wa Stuermer jitar, alhali shi ne ɗaya daga cikin masu ƙungiyar, wancan kuwa ɗan haya ne. Tafin da ke biyo bayan wajen ya tafi ga wani. Na yi aiki da shugabanni da dama, kaɗan ne na gani da za su iya wannan a gaban jama'a.

Haka ya yi da muryarsa. A 1982 ya fitar da faifai nasa na kansa wanda ya rera da bakinsa, bai gamsu da abin da ya ji ba, bai kuma sake ba. Da ya kafa wata ƙungiya tasa a gefe, Mike + The Mechanics, a 1985 sai ya kira mawaƙa biyu, Paul Carrack da Paul Young, shi ya tsaya a rubutu da kiɗa. Mahaifinsa ya rasu a 1986 yana can Amurka wajen rangadi. Shekara biyu bayan haka aka fitar da "The Living Years", waƙar ɗan da bai samu ya faɗa wa mahaifinsa abin da ke ransa ba har ƙasa ta rufe ido. Tare da B.A. Robertson suka yi ta, shi ma bai daɗe da rasa nasa uban ba, Carrack da ya rera ta kuwa tun yana yaro ya zama maraya. Ta kai matsayi na ɗaya a Amurka a 1989. Waƙa ce da ta shafi Rutherford har cikin ƙashi, duk da haka ya miƙa ta ga wanda ya fi shi murya. Ranar da muka saka ta a filinmu muka yi bayanin ma'anarta da Hausa, saƙonnin da suka shigo kusan duk na mutane ne da ke maganar iyayensu.

Ko wajen rabon suna, 'yan Genesis sun toshe ƙofar rigima. Daga faifan 1983 zuwa na 1991, su ukun kan shiga sutudiyonsu na Surrey hannu rabbana, su yi ta kiɗa har waƙa ta fito, a rubuta sunayensu duka a kan kowace. Na kawo irin wannan a sashenmu: duk wanda ya sa hannu a shiri, har mai haɗa sauti, ana faɗin sunansa a ƙarshe. Gunaguni ya ragu sosai.

Dabarar ba kullum ta ci ba. Da Collins ya tafi a 1996, babu sauran mai murya a cikin gida. Rutherford da Banks suka ɗauko Ray Wilson daga waje, suka fitar da faifai a 1997. Mawaƙi ne mai kyau, kuma a ganina an ɗora masa nauyin da ba nasa ba, domin wannan karon ba a sake ginin don ya dace da shi ba, an dai tsayar da shi a inda wani ya tsaya shekara 20. Amurka ta juya musu baya, aka soke rangadin can, ba su sake yin sabon faifai ba.

Rutherford da Banks da Collins sun sake haɗuwa a 2007, sannan suka yi wasansu na ƙarshe a Landan a watan Maris na 2022, Collins na waƙa a zaune saboda rashin lafiya, ɗansa Nic na kan ganga. Rutherford kuwa ya koma wa Mechanics, wadda ya sake ginawa a 2010 da Andrew Roachford da Tim Howar bayan rasuwar Paul Young da tafiyar Carrack. A rangadinsu na 2023 ya ɗauki Nic Collins ya kaɗa musu ganga.