Bakin bututun ne ya ɓata min lita 20

Gaskiya har yanzu in na tuna raina ɓaci yake, don aikin da kowa ke tsoro wato nannaɗe bututun jan ƙarfen bai ba ni wahala ba ko kaɗan. Bututun nan shi ake tsomawa cikin tafasasshen ruwan tsiro na haɗa giya, ruwan famfo na bi ta cikinsa, don ruwan tsiron ya huce da sauri kafin a zuba yis. Mita 15 na samu, mai laushin nan mai kaurin inci 3/8, na cika shi da busasshen yashi na toshe bakunan don kar ya lotse, na nannaɗe shi a jikin bokiti a hankali, ya fito tsaf. Murna ta sa ban tsaya na yi tunanin bakunan nan biyu ba, na bar su a miƙe sama, daidai saman tukunya, na cusa tiyo a kowane baki, ɗaya na shigar ruwan famfo ɗaya na fitarsa, na ɗaure da kilip ɗaya ɗaya.

To shi bututun ana saka shi ne cikin ruwan tsiron saura minti 15 a sauke don zafi ya kashe ƙwayoyin cutan jikinsa. A minti 15 ɗin nan ne jan ƙarfen ya ɗau zafi har sama, tiyon roba ya yi laushi, kilip ɗin ya saki. Ni kuma ina kunna famfo hankalina na kan ma'aunin zafi, ina ta jin daɗin yadda yake sauka daga digiri 100, ashe ruwan famfo na bin jikin bututun yana gangarawa cikin tukunyar, ɗis ɗis ɗis. Sai da ya kusa 25 na ga ɗigon yana ƙyalli a wuyan bututun. Na ce ai ɗan kaɗan ne, na zuba yis na rufe. Bayan sati biyu na buɗe, tsami kawai. Ruwan da ba a tafasa ba ya shiga abin da ya riga ya huce, me zai kashe abin da ya shigo da shi?

Abin da ya fi ƙona min rai, gyaran bai kai minti 10 ba. Lanƙwasa bakunan kawai za ka yi su tsallake gefen tukunya su kalli ƙasa, ko ya yi yoyo a waje zai zuba. Ka sa kilip biyu a kowane baki, kuma ka ƙara ɗaure su bayan bututun ya yi zafi, ba yana sanyi ba. Ni a sanyi na gwada nawa shi ya sa ya yaudare ni.

Ka kuma yi hankali da ruwan farko da ke fitowa daga bututun, yana iya sale maka hannu. Ka riƙa motsa bututun a cikin tukunyar, in ba haka ba ruwan da ke kewaye da shi ne kawai zai huce.

Karo na biyu na shimfiɗa busasshen tsumma a ƙarƙashin mahaɗar tiyo da bututun, ina taɓa shi duk bayan minti biyu har aka gama. A bushe na ɗauke shi.