Kada ku garƙame ɗakin mamaci

Ƙannena, idan Allah ya karɓi ran mahaifi ko mahaifiya, gona da gida ba su cika ba da wuya ba, malami zai zauna ya raba. Abin da ke gagarar mutane shi ne kayan cikin ɗaki: adaka, manyan riguna, tasoshi, buta, gafakar littattafai. Kowa na tsoron fara taɓawa, kada a ce yana ɗokin gado.

Da mahaifinmu ya rasu, ni ne babba, sai na sa wa ɗakinsa kwaɗo na riƙe makulli. A ganina girmamawa ce. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo baya, rufi yana yoyo ban sani ba. Ranar da muka buɗe, gara ta bi ta ƙarƙashin adaka ta cinye littattafan da ya kwafa da hannunsa, har da waƙoƙin wa'azi na ajami. Kana ɗaga takarda tana marmashewa a yatsunka. Rigarsa ta saƙi mai aska takwas asu ya huhhuda ta, alhali ƙaninsa na nan da rai, da ya yi sallar Idi da ita yana yi masa addu'a.

Cikin ɓacin rai na ƙara ta'asa. Na kira 'yan gwangwan suka auna ƙarafan a kan kilo, ban tuntuɓi kowa ba. A ciki akwai tasar tagulla da yake cin tuwo, wadda ƙanwata ta daɗe tana so kunya ta hana ta faɗa. Har yau abin na ci mini rai.

Ku sani, daga ranar rasuwa kayan nan na magada ne, ko cokali ne. Aya ta 11 da ta 12 da ta 176 a Suratun Nisa'i sun fayyace rabon kowa, bayan an biya bashi an zartar da wasiyya, ita ma wasiyyar ba ta wuce sulusi. Babban wa ba shi da ikon kullewa, ba shi da ikon kyautarwa shi kaɗai. In akwai ƙananan marayu, ba a yin sadaka da kasonsu.

Saboda haka ku tara 'yan'uwa da wuri, mata da maza, a fito da komai tsakar gida. Ku fara da takardu: na fili, na gona, na bashi. Tsofaffin rubuce-rubucen hannu ku ɗauke su hoto da waya, ku nuna wa malami, in sun fi ƙarfin ajiyarku ku nemi shawarar wuraren adana tarihi irin su Arewa House a Kaduna. Sannan a tambayi kowa abin da zuciyarsa ke so, a fara da mata, don su suka fi yin kawaici. Sauran tufafi da kwanuka, in kowa ya yarda, a ba dangi da maƙwabta masu buƙata tun suna moruwa.