Kwana Uku a Gonakin Inabin Medok

Yau kwana biyar da dawowata daga Faransa, amma duk sanda na tauna goro sai bakina ya tuna mini da wata 'yar ƙwayar inabi baƙa da wani dattijo ya tsinko mini a gonarsa. Baurinsu ya yi kama ƙwarai.

Taron aikin gona ne ya kai ni Paris. Da aka tashi, wani tsohon abokin karatuna da ke zaune a Bordo, birnin da ya yi suna da giyar inabi, ya matsa sai na leƙo shi. Jirgin ƙasa mai gudu ya ɗauke ni daga tashar Montparnasse, awa biyu da 'yan mintuna sai ga ni a tashar Saint-Jean. Tun a mota na gaya masa gaskiya: ni giya ba ta shiga bakina, addinina ya hana, amma ni malamin gona ne, kuma ina son in ga ƙasar da ta sa duniya ke rububin abin da ake nomawa a kanta. Ya yi dariya ya ce, "Malam, hanci dai ba a hana ka ba. Ni zan ɗanɗana, kai ka shinshina."

Washegari muka kama hanyar D2, wadda ta ratsa Medok, yankin gonakin inabi da ke arewacin Bordo, ta bi gefen ruwan Jirond ta garuruwan Margo, San Juliyan, sannan Poyak. Abin da ya fara ba ni mamaki ƙasar ce. Na sa ya tsaya, na sauka na damƙi cikin hannu. Tsakuwa ce zalla, farare da jajaye, irin wadda a gida in manomi ya gada sai ya ce an cuce shi a rabon gado. Ko gero ba zan shuka a wurin ba. Amma ita ce dukiyarsu. Ruwa ba ya kwanciya a cikinta, tana shan zafin rana ta riƙe shi har dare, saiwar inabin kuma dole ta nutsa can ƙasa neman abin sha. Irin da suka fi ji da shi, Cabernet Sauvignon, wanda suke kira kabarne a taƙaice, yana jinkirin nuna, don haka wannan ɗumin yake bukata. Yawancin yankin ma fadama ce a da, sai a ƙarni na 17 injiniyoyin Holan suka haƙa magudanai suka tsane ta.

A San Juliyan na ji tsikar jikina ta tashi. Haɗin maganin nan shuɗi na tagulla da farar ƙasa da muka haddace a makarantar aikin gona, wanda ake fesa wa cutar funfuna, a nan aka gano shi. Manoma ne ke yayyafa shi a kan inabin bakin hanya don masu wucewa su ji tsoron tsinka, sai wani masanin tsirrai mai suna Millardet ya lura a 1882 cewa layukan da aka yayyafa wa ne kaɗai ganyensu bai lalace ba. Shekara ashirin ina koyar da manoma wannan magani, ban taɓa zaton zan tsaya a mahaifarsa ba.

Gidan gona na farko da muka nufa babba ne, mai ƙofar ƙarfe da hasumiya. Wani matashi cikin kwat ya fito, ko amsa gaisuwa bai yi ba. Ya dubi takalmina da ya yi ƙura, ya ce wa ya ba mu izinin zuwa. Abokina ya ce baƙo ne daga nesa, kallo kawai za mu yi. Ya ce a nemi lokaci ta intanet, wata biyu kafin ranar, ya juya ya rufe ƙofa. Dokar ba ta dame ni ba, kowane gida da tsarinsa. Rashin sallamar ne ya ci mini rai. A wurinmu ko bashi ka zo karɓa sai an ba ka ruwa tukuna.

Alheri kuwa yana gaba kaɗan, a wata ƙaramar gona da allonta ya kusa gogewa. Mai ita dattijo ne da ya haura saba'in, hannuwansa sun yi baƙi da ruwan inabi, domin farkon Oktoba ne ana tsakiyar girbi. Wani irin inabin, merlo, sun gama da shi, kabarne ake yanka. Da abokina ya gaya masa ba na sha, bai ɗaga gira ba. Ya ce to bari mu fara daga abin da zan iya ci. Ya tsinko ƙwaya ɗaya ya ce in tauna duka, har ɓawo da iri, kada in yi saurin haɗiyewa.

Ƙwayar ƙarama ce, ba ta kai rabin inabin da ake ci ba, ɓawonta kuma mai kauri. Zaƙi ya fara zuwa, daga baya sai dasashina ya bushe, harshena ya yi kaushi kamar na ci ɗanyen goro. Ya ce wannan shi ne tanin, a ɓawo da iri yake. Da na tambayi asalin kalmar, ya ce daga jimar fata ta fito, don da ɓawon itace mai irin wannan bauri ake jima a ƙasarsu. Nan take na gane. Bagaruwa ke nan! Abin da majema ke jiƙawa don fata ta shekara ba ta ruɓe ba, danginsa ne ke sa giyar nan ta yi shekara ashirin a kwalba ba ta lalace ba. Na yi masa bayani, ya sa na maimaita kalmar bagaruwa sau uku, ya rubuta a bayan wata takarda.

Ya ɗebo mini ruwan inabin da aka zuba a tanki da safiyar nan, wanda bai fara tsami ba, babu ɗigon maye a cikinsa. Na zaci zan ga ja wur, sai na ga ruwan hoda mai haske. Launin ma daga ɓawo yake fita, shi ya sa ake barin ruwan da ɓawon tare mako biyu zuwa huɗu. Na shanye kofi biyu. Zaƙinsa ya fi na rake.

A rumbun ganguna muka fi daɗewa. Ɗaki ne dogo mai sanyi da duhu, ganguna a jere, kowace tana cin lita 225, wato kwalba 300. Da katakon wani itace da suke kira shen ake yin su, ana gasa cikinsu da wuta kafin a rufe. Giyar kan yi wata goma sha biyu zuwa goma sha takwas a ciki, iska na shiga kaɗan-kaɗan ta jikin katakon tana tausasa baurin. Abin da ya tsotse sai a cike shi, don kada a bar wa iska fili. Duk bayan wata uku ana juye ta zuwa wata gangar, a bar gurɓin a gindi, mutum na riƙe da kofi a gaban kyandir yana duban lokacin da ruwan zai fara dagulewa. Dattijon har yanzu da farin ƙwai yake tace tasa, biyar ko shida a kowace ganga. Sabuwar ganga guda, in ji shi, tana lashe kusan yuro dubu, shi ya sa yake sabunta kaɗan kawai a shekara.

Sai ya jera kofuna biyu. Ɗaya daga gangar bara, ɗaya daga kwalbar 2005 da ya ɗauko daga can ƙuryar rumbun, ya tsiyaye ta a hankali cikin wani tulun gilas saboda gurɓin da ya kwanta a gefenta. Ya karkata kofunan a kan farar takarda. Ta bara baƙa ce mai shuɗi-shuɗi har bakin kofi. Tsohuwar kuwa gefenta ya koma launin jan bulo. Na kai hanci. Sabuwar ƙamshin 'ya'yan itace take yi, mai ƙarfi, da wani abu kamar koren tattasai can ƙasa. Tsohuwar ta ba ni mamaki: busasshen ganyen taba, figar fensir, da ƙamshin sabuwar jakar fata. Sau uku ina komawa. Ban taɓa sanin abu ɗaya zai iya sauya kama haka don kawai an ƙyale shi a duhu ba.

Abokina ya kurɓi ta bara, ya juya ta a baki, ya ja iska ta tsakanin haƙora, ya tofar a wani ɗan bokiti da aka ajiye don haka. Ya ɓata fuska ya ce kamar an goge masa baki da tawul. Dattijon ya ji daɗi sosai. Ya ce wadda ta yi laushi tun tana sabuwa ba ta kai shekara biyar, wannan mai kaushin ita ce za ta daɗe. Da abokina ya kurɓi ta 2005 bai tofar ba. Ya yi shiru, sannan ya ce ɗanɗanon ya ƙi barin bakinsa. Dattijon ya ce da haka ake gane ta kirki, a ƙirga tsawon lokacin da take yi a baki bayan an haɗiye.

Na tambaye shi wa zai sha ta bana. Ya ce jikokinsa, wataƙila. Gindin da ya dasa a bana sai ya shekara uku kafin ya ba da 'ya'yan kirki, kuma ba ya sa shi a babbar giyarsa sai ya haura goma. Duk gindin da ke gonar mai aure ne, kamar mangwaronmu, saiwar Amurka kan Faransa, tun lokacin da ƙwaron filoksera ya cinye gonakin Turai a ƙarshen ƙarni na 19. Yana da littafin da mahaifinsa ya fara, ranar fure, ranar ruwa, ranar yanka, kowace shekara. Wannan littafin shi ne abin da na fi yi wa kwaɗayi a duk tafiyar. Mu muna da manoman da suka san ƙasarsu kamar tafin hannu, amma in sun rasu ilimin ya bi su.

Maganar kuɗi kuwa ta ɗaure mini kai. Kwalbarsa ba ta kai yuro ashirin ba. 'Yan kilomitoci daga nan akwai manyan gidajen gona irin su Lafite da Latour da Mouton Rothschild, inda kwalba ɗaya ke cin ɗaruruwan yuro. Tushen bambancin wani jeri ne da aka yi a 1855 bisa umarnin Napoleon na Uku saboda baje kolin Paris, aka kasa manyan gidaje mataki biyar. Tun daga lokacin babban sauyin da aka yi shi ne ɗaga Mouton zuwa matakin farko a 1973. Ban musa cewa tsakuwarsu ta fi ba, amma ban yarda ta fi sau talatin ba. Suna ake saye. Su ƙananan kuwa suna jin jiki, Faransawa sun rage shan jar giya, har gwamnati na biyan manoman Bordo su tumɓuke inabi. Na ga gonaki biyu da aka yi wa haka, gindaye a tare kamar itacen girki, raina ya sosu.

Ko sisi bai karɓa ba. Ya cika mini leda da inabi, ya ba abokina kwalba ɗaya, ya ce ya kwantar da ita don toshiyar kada ta bushe, a wuri mai duhu da sanyin digiri 12 zuwa 14, kuma kada ya kuskura ya buɗe kafin shekara goma.

Rana ta biyu gidan tarihin giya na Cité du Vin da ke Bordo muka je, wanda aka buɗe a 2016. Gini mai kyau, amma allunan kwamfuta sun yi yawa. A nan na karanta cewa kabarne ɗan wasu irin inabi biyu ne, cabernet franc da sauvignon blanc, baƙi da fari, abin da masu bincike a jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka tabbatar a 1997. Rana ta uku ruwa aka wuni ana yi, ban fita ba. Abokina ya yi ta zagaye gidansa da kwalbar yana neman wuri mai sanyi, a ƙarshe ƙarƙashin matakala ya tura ta. Inabin nawa a jirgin ƙasa na cinye shi kafin mu isa Paris.