Sauya wa tsohuwar waya babbar manhaja: yadda aikin yake a shagonmu na Nima

Shagona yana bakin babban titin Nima a Accra, ɗan ɗaki ne mai tebur biyu. Tebur na farko na sikirin da batir da bakin caji ne, shi ke ciyar da ni da yaran da ke koyon aiki a hannuna. Na biyun kuwa tsohuwar kwamfuta ce a kansa, ga kebul iri-iri rataye a ƙusa, a nan muke aikin da ake kira filashin. Galibi filashin bai wuce a mayar wa waya manhajar da kamfani ya yi mata tun asali ba, idan ta rikice. Amma akwai wani reshe na aikin da ba kowane shago ke taɓawa ba, wato a sauke babbar manhajar kamfanin kacokan a ɗora wata dabam. A kansa zan yi magana, domin masu zuwa da wannan buƙata sun yawaita, kuma da yawansu nakan mayar da su gida da wayarsu yadda suka kawo ta.

Abin da ke kawo su ɗaya ne. Wayar lafiyarta ƙalau, sikirin bai fashe ba, tana kama sabis, amma kamfanin da ya ƙera ta ya daɗe da daina aiko mata sabuntawa. A da shekara biyu ko uku ake yi wa waya hidima, daga nan a bar ta inda ta tsaya. Su kuma manhajoji ba sa tsayawa. A 2023 WhatsApp ya daina aiki a duk wayar da ba ta kai Android 5 ba, a shekarar kuma Google ya janye hidimominsa na Play daga Android 4.4. Mutum ya wayi gari abin da yake ciniki da shi, yake gaisawa da 'yan uwa na Tamale da Kano da shi, ya ƙi buɗewa. Manhajojin banki ma sun fi haka tsanani.

Abin da muka fi ɗorawa shi ne LineageOS. Android ce ita ma, sai dai ba kamfanin waya ke gina ta ba, masu sa kai ne daga ƙasashe dabam-dabam, kowa da wayar da yake kula da ita. Tushenta CyanogenMod, wadda kamfanin da ke bayanta ya rufe hidimarsa a ƙarshen 2016, sai masu aikin suka kwashi abin da aka bari suka ci gaba da sabon suna. Kyauta ake saukewa. Galaxy S5 da ta fito a 2014, kamfani ya tsaya da ita a Android 6, amma LineageOS 18.1 ta kai ta Android 11. Poco F1 ta 2018 ta tsaya a Android 10 a hannun kamfani, masu sa kai suka wuce da ita zuwa Android 13. Ga shi babu tarkacen manhajojin da ake cusa wa waya tun daga masana'anta, don haka sarari yana samuwa, wayar tana ɗan samun numfashi.

To amma kafin in taɓa kebul, akwai tambayoyin da sai sun samu amsa, kuma nan ne ainihin sana'ar take.

Ta farko: wace waya ce takamaimai? Sunan da ke jikin kwali ba ya wadatar da ni, lambar samfuri nake nema. Galaxy S5 mai lamba SM-G900F, wadda aka sayar a Turai, tana karɓar aikin nan ba gardama. Mai lamba G900H kamanninsu ɗaya sak, amma ƙwaƙwalwarta Exynos ce ba Snapdragon ba, fayil ɗin waccan ba ya shiga wannan. Waɗanda kamfanonin layin Amurka suka sayar, irin G900V da G900A, a kulle suka zo, kuma su ne suka cika akwatunan hom-yus, wato wayoyin da aka riga aka yi amfani da su a ƙasashen waje, da ake saukewa a Circle, cibiyar cinikin waya ta Accra. Redmi Note 4 ma iri biyu ce, mai Snapdragon 625 da mai MediaTek. Masu gina manhaja suna kiran ta farko mido, ta biyu nikel, kuma da waɗannan sunayen ake neman fayil. Duk yaron da ya zo koyon aiki, kafin in bar shi ya riƙe kebul sai ya iya karanto mini wannan suna daga cikin wayar kanta. Wanda ya ɗora fayil ɗin wata waya a kan wata, zai iya kashe ta mutuwar da sai an kwance ta an taɓa allon ciki kafin ta farfaɗo, in ma ta farfaɗo.

Ta biyu: butloda tana buɗuwa? Butloda ƙaramar manhaja ce da ke fara tashi idan aka kunna waya, aikinta ta duba ko babbar manhajar tana ɗauke da sa hannun kamfani. In ba ta gani ba, ba za ta bari wayar ta tashi ba. Sai an buɗe ta ake iya ɗora baƙuwar manhaja, kuma kowane kamfani da tsarinsa. Pixel da OnePlus da ba na kamfanin layi ba, umarni ɗaya ne ta fastboot, wata manhajar kwamfuta da ke magana da butloda ta kebul. Motorola sai ka karɓo lamba daga shafinsu. Xiaomi sai ka ɗaure wayar da asusun Mi, sannan ka jira, sau da yawa awa 168, mako guda cur. Huawei kuwa tun 2018 suka daina bayar da lambar buɗewa.

Nan ne kasuwarmu take da tata matsalar. Leƙa aljihun mutum goma a tashar trotro, ƙananan bas ɗin haya, ta Nima, za ka ga Tecno da Infinix da itel sun fi yawa, dukansu na kamfanin Transsion. Waɗannan kusan duk MediaTek ko Unisoc ne a cikinsu, kuma da wuya ka same su a jerin wayoyin da LineageOS ke kula da su. Masu sa kan nan wayar da ke hannunsu suke yi wa aiki, kuma akasarinsu ba a kasuwarmu suke saye ba. Akwai wata hanya da ake kira GSI, manhaja ɗaya da aka gina don ta hau wayoyi da yawa, albarkacin sauyin da Google ya yi wa ginin Android tun daga na 8. Tana tashi a wasu daga cikinsu. Sai dai yau ka ga na'urar yatsa ba ta aiki, gobe ka ji murya ba ta fita a kira. Ina gwada ta a wayoyin shago don in ƙaru, amma ba na ɗora wa wanda waya ɗaya gare shi. Wanda ya fi kowa buƙatar wayarsa ta daɗe, shi ne wanda aikin nan ya fi wuyar yi wa amfani, kuma wannan yana ci mini rai.

Ta uku: wayar ta wa ce? Ba na ɓoye wannan tambaya. Wayar sata tana yawo a garin nan, kowa ya sani. Idan mutum ya kawo waya, sai ya buɗe ta a gabana da hannunsa, ya cire asusun Google da ke ciki da kansa. Wanda ya ce ya manta lambar sirri, ba rasit, ba kwali, kuma goge komai yake so a yi cikin gaggawa, sai in ce masa kwamfutata ba ta yin irin wannan. Haka IMEI, lambar shaidar da kowace waya ke zuwa da ita: ina adana ta, ba na sauya ta.

In duk an haye waɗannan, sai maganar kayan ciki. Buɗe butloda yana share komai, hoto da lamba da saƙo. Wata Hajiya mai sayar da atamfa a kasuwar Nima ta kawo mini tata, jikanta ne ya ce mata a nan ake sabunta waya. Na ce, "Hajiya, duk abin da ke ciki zai tafi fa, sai abin da muka kwafe." Ta ce, "Ɗana, hotunan ba su dame ni ba. Muryoyin nan na WhatsApp su ne littafin bashina, kowa da abin da ya ce zai biya." Ranar ba mu ɗora komai ba. Mun zauna mun tura ajiyar WhatsApp ɗinta zuwa Google Drive, muka kwafe lambobi, muka tabbatar layin da ta yi rajista da shi yana hannunta, domin ta nan lambar tabbaci za ta shigo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Baya ga kayan mai waya, akwai wani ɓangare da nake kwafewa don kaina, inda waya ke ajiye IMEI da bayanan kama sabis. A Samsung sunansa EFS, a masu MediaTek NVRAM. In ya lalace, wayar za ta tashi tsaf amma ba za ta ga layi ba.

Shi ɗorawar kanta ba ta da wani tsawo. A shiga saiti a danna lambar gini sau bakwai, zaɓin masu gina manhaja ya bayyana, a kunna izinin buɗewa. A buɗe butloda. A saka rikabari, wato ƙaramin ɗakin gyara da waya ke shiga ba tare da babbar manhaja ba; a Samsung da wata manhajar kwamfuta mai suna Odin ake sakawa, a sauran da fastboot. A goge, a tura fayil ɗin sabuwar manhajar daga kwamfuta ta adb, wata hanyar aika wa waya umarni ta kebul. In mai waya yana son Play Store, sai an ɗora kunshin Google a wannan zaman, kafin wayar ta yi tashin farko, don LineageOS ba ta zuwa da shi. Tashin farko yakan ɗauki mintuna, yaro sabon shiga sai ya fara zufa yana cewa, "Masta, ta maƙale." In ce masa ya je ya sayo mana koko ya dawo. Ƙa'idodina a wannan tebur ba su da yawa: batirin waya ya haura rabi, kebul ya zama mai kyau ba na bakin titi ba, kwamfutar kuma mai batir ce, saboda dumso, wato ɗauke wutar lantarki, ba ya sallama kafin ya shigo. Kuma fayil daga shafin masu shi kaɗai nake saukewa. Abin da wani ya tura a zauren Telegram, ban san abin da ya dasa a ciki ba, ba zan sa shi a wayar da ake ajiye kuɗi ba.

Akwai abin da ake rasawa, kuma ina faɗa tun kafin a biya. Wasu manhajojin banki suna tambayar Google ko an taɓa wayar, ta wani bincike da ake kira Play Integrity, in suka ji butloda a buɗe sai su ƙi aiki. Akwai dabarun rufe musu ido, amma dabarar da ta yi yau tana iya mutuwa wata mai zuwa, ni kuma ba na sayar da abin da zai dawo da mutum shagona yana huci. Sa'ar da muka yi a Ghana ita ce MoMo, wato tura kuɗi ta waya, ta lambobi ba ruwanta da wannan: *170# na MTN da *110# na Telecel suna aiki a kowace manhaja, tunda ta layi suke bi. Kyamara takan ragu, domin gyaran hoton da kamfani ya yi yana cikin tasa manhajar. A Samsung akwai wani ɗan fis na Knox, tsarin tsaronsu, da ke ƙonewa da zarar an ɗora abin da ba nasu ba, kuma ko an mayar da manhajar asali ba ya komawa. Kiran VoLTE, wato wanda ke bi ta 4G, ma ba ya aiki a Samsung mai LineageOS. Sannan batun tsaro rabi ne: ɓangaren Android yana samun faci, amma manhajar modem da sauran na can ƙasa, waɗanda masu ƙera ƙwaƙwalwar kaɗai ke iya gyarawa, suna nan yadda aka bar su.

Ƙarfin wayar kuma ba ya ƙaruwa. Tsohuwar trotro ce aka sauya wa direba, tuƙi zai gyaru, amma injin shi ne dai. Mai RAM giga 1 ba za ta ɗauki TikTok da Facebook na yau cikin daɗi ba, ko me aka ɗora mata. Sau da yawa ma wayar da ake kuka da nauyinta batir ne ya gaji, ko ma'ajiya ta cika. Sabon batir da share tarkace sun fi sauya manhaja araha da kwanciyar hankali, kuma shi nake fara ba da shawara.

Jefi-jefi ɗaliban Jami'ar Ghana da ke Legon sukan zo da wata buƙatar, su ba Android suke so ba sam. Ubuntu Touch suke nema, wadda Canonical ta ajiye a 2017 ƙungiyar UBports ta ɗauka, ko postmarketOS da aka fara a shekarar, wadda ke mayar da waya ƙaramar kwamfutar Linux. Ina jin daɗin aiki da su, don ina koyon abubuwa a wurinsu. Amma wannan na wayar gwaji ne. A wayoyi da yawa kyamara ko kira ba sa aiki a postmarketOS, manhajojin da aka saba da su kuma babu.

Ta fuskar kuɗi, aikin nan ba ya biyan lokacin da yake ci. Canza sikirin minti talatin ne, ribarsa ta fi. Wannan kuwa bincike ne, ga data da ake ƙonawa, ga mai waya zai dawo bayan mako yana tambayar inda kaza ya shiga. Inda yake biyana shi ne wayoyin da nake saye da kaina a Tip Toe Lane, layin masu sayar da waya a Circle, in zaɓi samfurin da na san yana buɗuwa, in sa sabon batir, in ɗora manhaja, in sayar wa iyayen da ke nema wa yaro wayar karatu, ko ɗan kasuwa mai son ta biyu. Ina gaya musu abin da ke ciki da abin da ba zai yi ba.

Zaɓin ma yana raguwa. Xiaomi sun tsaurara sharuɗɗan buɗewa tun zuwan HyperOS, sabuwar babbar manhajarsu. A ɗaya gefen, Google daga Pixel 8 da Samsung daga Galaxy S24 sun yi alkawarin sabuntawa na shekara 7, amma waɗannan wayoyin masu hali ne, sai nan gaba za su gangaro mana a hom-yus. Kafin nan, idan na shiga Circle da kuɗin sari, Pixel da OnePlus da Motorola da tsofaffin Redmi masu Snapdragon nake dubawa, kuma ba na biya sai na kunna wayar a gaban mai ita na ga maɓallin izinin buɗewa yana motsi.