Da Fasfon Amurka Zuwa Ƙasar Andalus

Mu uku muka tashi daga Dallas zuwa Madrid, babban birnin Sifaniya, a ƙarshen shekarar 2025: ni, da 'yata wadda aka haifa a Texas, da ƙanena. Mun zaɓi lokacin sanyi da gangan, domin a watannin Yuli da Agusta zafin Kurɗuba (Córdoba), birnin da ke yankin Andalus a kudancin ƙasar, yakan wuce digiri 40.

Shirin ya faro ne daga takardu, kuma a nan 'yan'uwanmu mazauna Amurka suka fi yin sakaci. Ni da 'yata fasfon Amurka gare mu, ba mu buƙatar biza: an yarje mana zaman kwana 90 a cikin kowane kwana 180 a ƙasashen Turai 29 na yankin Schengen, waɗanda ake shiga da ƙa'ida ɗaya, har da Sifaniya. Amma dole fasfon ya kasance da sauran aƙalla wata 3 bayan ranar da mutum zai bar yankin, kuma bai haura shekara 10 da bayarwa ba. Fasfon yaron da bai kai shekara 16 ba kuwa shekara 5 kawai yake yi, iyaye su duba. Ƙanena katin zaman dindindin na Amurka gare shi, amma fasfonsa na Najeriya ne, kuma Turai fasfo take kallo. Sai da ya nemi biza, ya biya yuro 90, ya nuna inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000.

Mu da ba a tilasta mana inshorar ba ma mun saya. Medicare, inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka, galibi ba ya biyan kuɗin asibiti a wajen ƙasar, inshorar wurin aiki da yawa ma haka take. Na kuma sa sunanmu a tsarin STEP na ma'aikatar harkokin wajen Amurka, wanda ke turo sanarwar ofishin jakadanci ta imel idan wani abu ya taso. Ma'aikatar ta sa Sifaniya a mataki na 2 cikin 4 na gargaɗin matafiya, wato a ƙara taka-tsantsan saboda barazanar ta'addanci da zanga-zanga. Magunguna na bar su a cikin kwalabensu na asali, da takardar likita.

A filin jirgin Barajas na Madrid an ɗauki hotonmu da zanen yatsunmu, sabon tsarin da Turai ta fara a ranar 12 ga Oktoban 2025. Layin ya yi tsawo, don haka wanda zai sauya jirgi ya bar tazara mai yawa.

Abin da na fi so a ji shi ne maganar 'yan sane. Madrid gari ne mai kwanciyar hankali, mun yi yawo da dare ba tare da fargaba ba. Amma a jirgin ƙarƙashin ƙasa da dandalin Puerta del Sol akwai masu yankan aljihu da suka ƙware, ba su riƙe makami, ba su ɗaga murya. A masaukinmu na tarar da wata dattijuwa Ba'amurkiya tana kuka: ta rataya jakarta a bayan kujera a gidan abinci, ta waiwayo babu ita, da fasfo da katunan banki duka a ciki. Na tausaya mata ƙwarai. Sai da ta kai rahoto wurin 'yan sanda, ta je ofishin jakadancin Amurka da ke titin Serrano neman fasfon gaggawa, kuma ko hoton tsohon fasfon ba ta da shi. 'Yata ta ce, "Baba, ai mu ma haka muke ajiye jaka a gida." Na ce mata a nan jaka a gaba take zama, waya ba ta hawa tebur, walat ba ya shiga aljihun baya. Mun raba katunan banki tsakaninmu, kowa da kwafin fasfonsa a takarda da kuma a waya. Lambar gaggawa a nan 112 ce, a haddace ta.

Daga tashar Atocha ta Madrid jirgin ƙasa mai gudu na AVE ya kai mu Kurɗuba cikin abin da bai kai awa biyu ba. Ana binciken kaya da na'ura kafin a shiga, sai a je da wuri. Na shiga babban masallacin da Abdurrahman na ɗaya ya fara ginawa wajen shekarar 785, na tsaya a tsakanin ginshiƙansa masu bakan gizo na ja da fari, zuciyata ta yi nauyi. Tun 1236 wurin ya zama coci, kuma ba a barin Musulmi su yi salla a ciki. Gara mutum ya sani tun daga gida, ya yi sallarsa a masauki, da ya shiga sa-in-sa da masu gadi. A bakin ƙofa akwai matan da ke miƙa wa baƙo ɗan ganye kamar kyauta. Da ka karɓa sai su kama hannunka su ce za su duba maka, su nemi kuɗi. Girgiza kai ka wuce ya wadatar.

Daga nan muka wuce birnin Garnaɗa (Granada), inda fadar Alhambra take. Tikitinta yakan ƙare makonni kafin ranar, sai a saya tun ana Amurka. Ana rubuta suna da lambar fasfo a jikinsa, ana kuma neman fasfon na asali a ƙofa. Sashen sarakunan Banu Nasr, waɗanda mulkinsu ya ƙare a 1492, yana da lokacin shiga ƙayyadadde. Wanda ya makara ya yi asara.

Abinci sai da tambaya, domin naman alade da kitsensa suna shiga miya har da wasu kayan fulawa. A titin Calderería Nueva mun sami abincin halal, muka hau unguwar Albaicín muka yi azahar a masallacin da aka buɗe a 2003, wanda harabarsa ke fuskantar Alhambra.

Ƙanena ya so mu ɗauki hayar mota zuwa ƙauyukan kan dutse. "Yaya, ai ina da lasisin Texas," in ji shi. Sifaniya tana neman lasisin tuƙi na ƙasa da ƙasa tare da na Amurka, kuma a Amurka ake karɓo shi kafin a taso. Muka shiga motar safa. Wutar lantarkinsu ma volt 230 ce, ta Amurka 120: cajar waya tana ɗauka idan an sa mata mahaɗin soket, na'urar busar da gashi kuwa tana iya ƙonewa. Idan na'urar biyan kuɗi ta tambaye ka dala ko yuro, zaɓi yuro, canjin bankinka ya fi sauƙi.