Godiya bayan saukar Alƙur'ani ta autanmu

Assalamu alaikum. Baba ne ya sa ni rubuta wannan, don ya ce ƙafarsa ba za ta kai shi gida-gida ba. Ranar Juma'ar da ta wuce muka yi sauka da sadaka a ƙauyenmu na wajen Gadarif a ƙasar Sudan, shekara guda da rasuwar autanmu a faɗan Jabal Moya, a watan Oktoban 2024. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Bai taɓa mafarkin zama soja ba. Yaron gona ne, tun yana ƙarami ya san ranar da riɗi ya isa yanka da ganin ganyensa kawai. Da birnin Wad Madani ya faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin Sudan a Disamban 2023 samari suka yi ta ba da sunayensu don shiga soja, shi ma ya tsaya aka gama sussukar dawa, sannan ya durƙusa gaban Baba ya nemi izini. Inna ba ta ce uffan ba, ta dai ɗaure masa gyaɗa da busasshiyar kuɓewa a leda.

Labarin ya iso mana ana tsakiyar kaka. Duk manomi ya san riɗi ba ya jiran mai makoki, in ya bushe a tsaye sai ya fashe ya zube ƙasa. Muna zaman karɓar gaisuwa, ashe maƙwabta sun haɗa gayya. Da asuba suka shiga da laujensu, suka yanke, suka ɗaure, suka jingine, ba wanda ya sha ko shayinmu. Sai da Baba ya fita bayan sadakar uku ya tarar da gonar a gyare. Nan ya yi kukan da bai yi ba ranar da aka faɗa masa. Ku da kuka yi wannan, kun hana in ambaci sunayenku, to Allah Ya san ku.

Muna godiya ga abokin aikinsa da ya yi doguwar tafiya ya kawo mana carbinsa da wayarsa, ya kuma kwatanta mana inda suka binne shi bayan sun yi masa salla. Ba mu ga gawa ba, amma tun daga ranar Inna ta fara samun barci.

Malam da almajiransa da suka yi saukar, dangi na Maiurno da Kasala da suka zo duk da tsadar mota, da 'yan'uwa na Jidda da Makka da suka turo gudummawa ta Bankak, manhajar tura kuɗi ta waya, Allah Ya saka muku da alheri. Iyayenmu mata da suka kwana a bakin murhu suna tuƙa asida, sannunku da hayaƙi. Wanda muka yi wa ba daidai ba cikin hidima ya yafe mana.

Akwai babbar tukunya ɗaya da tire biyu da aka bari a gidan. Mai su ta aiko yaro ya ɗauka, suna ɗakin Inna.