Tsohuwar mota mai fetur a Ingila: lissafin mai da lissafin gareji

Wanda ya zo Ingila da zama, musamman idan aikinsa na dare ne ko na zagayen gidajen tsofaffi a ƙananan garuruwa inda bas ba ta wuce ƙarfe goma, ba ya daɗewa sai maganar mota ta taso. Da ya buɗe shafin sayar da motoci na Auto Trader ko kasuwar Facebook sai ya ga abin mamaki: motar da a Kano sai mai hali, ga ta nan a fam 1,500 ko 2,000. A nan ne ake yin kuskuren farko, domin lissafin gida ake ɗaukowa. A gida mota ce mai tsada, makanike kuma mai sauƙi. A nan akasin haka ne. Motar araha ce, hannun makanike ne wuta, don da awa ake biyansa, ko ya gyara ko yana neman inda matsalar take.

Saboda haka tambayar da 'yan'uwa suka fi yi, wato wace ce ba ta shan mai, ita ce ta biyu. Ta farko ita ce wace ce ba za ta riƙa kai ka gareji ba. Ga lissafin a fili.

A nan da mil da galan ake faɗin shan mai, ana rubuta mpg, alhali a gidan mai da lita ake sayarwa. Galan ɗin Birtaniya lita 4.546 ne, ba irin na Amurka ba mai lita 3.785, don haka alƙaluman da ka gani a bidiyon Amurkawa ba naka ba ne. Ɗauki mutum mai tafiyar mil 8,000 a shekara. Idan motarsa tana yin mil 45 da galan ɗaya, kusan kilomita 16 a lita ke nan, zai sha wajen lita 808. Idan mil 38 take yi, zai sha lita 957. Bambancin lita 149 ne a shekara guda, wanda in aka ƙaddara lita a fam 1.40 bai wuce fam 210 ba. Canjin kuloci ɗaya ya cinye wannan har da ƙari. Injin da ya buga kuwa ya cinye motar ɗungurungum. Sayen nagari mayar da kuɗi gida, kuma nagari a nan shi ne injin da ba shi da tarkace da yawa.

Kada kuma ka yarda da adadin da ke cikin talla. Motocin da suka fito kafin 2017 an auna su da tsohon gwajin Turai mai suna NEDC, wanda aka yi a ɗakin gwaji da tuƙi mai laushi da babu mai yinsa a titi. In talla ta ce mil 55, sa ranka a arba'in da 'yan kai cikin gari.

Me ya sa fetur ba dizal ba? Dizal ta fi tattalin mai a doguwar hanya, wannan gaskiya ne. Amma dizal ɗin wannan zamani tana da matatar toka a cikin salansa, DPF, wadda sai injin ya yi zafi sosai a tafiya mai tsawo take ƙone abin da ta tara. Mai kai yara makaranta ya wuce kanti ya dawo gida, toshe ta zai yi. Sannan ga dokar hayaƙi. Tun 29 ga Agusta 2023 yankin ULEZ, inda ake cajin motoci masu yawan hayaƙi, ya mamaye dukkan unguwannin Landan, kuma motar da ba ta cika sharaɗi ba tana biyan fam 12.50 duk ranar da ta motsa. Birmingham ma tana da nata yankin tun Yuni 2021, fam 8 a rana. Dizal sai ta kai matakin tsabtar hayaƙi na Euro 6, galibi daga Satumba 2015. Fetur kuwa Euro 4 kawai ake nema, wato yawancin waɗanda aka yi wa rajista daga 2006. Ka ga mai fetur ta 2009 tana shiga tsakiyar Landan ba ta biya wannan kuɗin ba, dizal ta 2013 kuma tana biya. Kafin ka je ganin mota, saka lambarta a shafin TfL, hukumar sufurin Landan, ka tabbatar, minti ɗaya ne.

Lambar ma tana gaya maka shekarunta. Alƙaluma biyun da ke tsakiya: 12 na nufin Maris zuwa Agusta 2012, 62 kuma Satumba 2012 zuwa Fabrairu 2013.

Sai injin. Abin da ya fi dacewa da mai ƙaramin ƙarfi shi ne fetur mai lita 1.2 zuwa 1.6, marar turbo, giya manuwal. Honda Jazz ta 2008 zuwa 2015, mai 1.2 ko 1.4, tana kan gaba: sarƙa ce ke haɗa saman injin da ƙasansa, ba bel ba, kuma cikinta ya fi yadda ake zato daga waje, kujerun baya suna naɗewa su ɗauki buhunan shinkafa da keken yaro. Aibinta, ɓarayi suna son yanke tukunyar tace hayaƙin da ke ƙasanta saboda ƙarafa masu daraja da ke ciki, don haka ka yi tunanin inda za ta riƙa kwana. Toyota Yaris mai 1.33 ita ma sarƙa ce, sai dai wasu daga cikin na farko suna shan baƙin mai, ka duba sandar awo kafin gwaji da bayansa. Mai iyali babba ya duba Toyota Auris mai 1.6 ko Honda Civic mai 1.8 ta 2006 zuwa 2011, wadda a Swindon aka ƙera ta. Ford Fiesta mai 1.25 tana ko'ina, kayan gyaranta araha, kowane gareji ya san ta. Amma ita bel gare ta, kuma in babu rasit ɗin da ya nuna an canza shi, ɗauka ba a canza ba, ka cire kuɗin aikin daga farashi. Bel in ya tsinke ana tafiya, fistin ne ke dukan bawul, injin ya tashi aiki nan take.

Waɗanda za a yi taka-tsantsan da su su ne masu kyan alƙaluma a takarda. Injin Ford 1.0 EcoBoost da 1.2 PureTech na Peugeot da Citroën suna da bel da ke gudana cikin baƙin mai. In an yi jinkirin juye ko aka zuba man da ba nasa ba, robar bel ɗin tana ɓarɓashewa, ɓarɓashin ya toshe rariyar famfon mai, injin ya rasa mai a sama ya ƙone. Canza shi aiki ne na awoyi masu yawa. Tsohon injin Volkswagen 1.4 TSI kuma an san shi da sakin sarƙa. Alamarsa ƙarar kacau-kacau ta 'yan daƙiƙu in an tayar da safe. Irin wannan ƙara a Vauxhall Corsa ma ba baƙuwa ba ce. Ba a ce duk sun lalace ba, akwai masu lafiya. Amma sabon zuwa mai fam dubu biyu ba shi da rarar yin caca.

Maganar otomatik ta fi rikitarwa. A ƙananan motocin wancan lokaci akwai giyar da suna kawai ta yi otomatik, a ciki manuwal ce da na'ura ke taka mata kuloci: MultiMode ta Toyota, da i-Shift da aka sa wa Jazz daga 2008 zuwa 2011 kafin Honda ta koma wani nau'in otomatik mai suna CVT. Suna fizga, gyaransu kuma tsada. PowerShift ta Ford da DSG mai giya bakwai ta Volkswagen su ma sun sha suka. Ka tuna kuma, lasisin Najeriya ko Nijar ko Gana wata 12 kacal yake maka aiki daga ranar da ka zama mazauni, ba a musanya shi, sai ka ci jarrabawar rubutu da ta tuƙi. In da otomatik ka ci, otomatik kaɗai aka yarje maka.

Yanzu bincike, wanda rabinsa daga ɗaki ake yi. Shafin gwamnati na gov.uk yana nuna tarihin MOT na kowace mota kyauta: gwajin lafiyar hanya da ake yi mata kowace shekara bayan ta cika uku, da mil ɗin da aka rubuta kowane karo, da abin da ya kayar da ita, da gargaɗin da mai gwaji ya bari. Karanta shi a hankali. In mil ya ragu daga wata shekara zuwa ta gaba, an taɓa mita. In gargaɗi ɗaya yana maimaituwa shekara uku, mai ita ba ya gyara sai dole. Kalmar da za ka fi tsoro ita ce corrosion, wato tsatsa, domin a lokacin sanyi gishiri ake watsawa a tituna don hana ƙanƙara, kuma yana cin ƙasan mota: dogaran ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, gadon da ke riƙe tayoyin baya, bututun birki. Fenti na iya ƙyalli alhali ƙasa ta zama garin ƙarfe. Tsofaffin Mazda sun yi suna a nan, duk da injinsu mai kyau ne. Je da tocila, ka durƙusa.

Sani kuma cewa MOT ba ya duba lafiyar injin ko kuloci ko giya. Mota tana iya ci da safe ta mutu da yamma.

Biya 'yan fam ka yi binciken tarihi irin na HPI. Zai nuna ko akwai bashin kamfanin lamuni a kanta, wanda in akwai za su iya biyo motar, ko an sace ta, ko inshora ta taɓa yafe ta bayan hatsari, wato ta biya mai ita maimakon gyara. A cikin waɗanda aka yafe, rukunin S na nufin hatsarin ya taɓa ƙashin motar, N kuma bai taɓa ba. Takardar rajistar mota, V5C, suna da adireshin da ke kanta su dace da gidan da ka je, lambar jiki mai harafi da alƙalami 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta dace da ta takarda. Mai cewa ku haɗu a filin ajiye motoci na kanti, bar shi da motarsa.

Ka ce kada a tayar da ita kafin ka iso, in ka iso ka ɗora hannu a bonet. Injin mai ɗumi yana ɓoye ƙarar sarƙa da hayaƙi. Murɗa makulli rabi: dukkan fitilun gargaɗi su kama, har da na injin da na ABS da na jakar iska, sannan su mutu bayan ta tashi. Wanda bai kama ba sam, mai yiwuwa an cire ƙwansa ne. Shuɗin hayaƙi ƙona baƙin mai ne. Farin tururi da safe ba komai, amma in ya ƙi ɗaukewa bayan injin ya yi zafi, ruwan lagireto kuma ya ragu, gaskit ne. Buɗe murfin baƙin mai: farin kumfa mai kauri kamar kindirmo yana iya zama gaskit, yana kuma iya zama raɓar gajerun tafiye-tafiye cikin sanyi, don haka haɗa shi da sauran alamu. Wajen gwaji, sa giya huɗu kana gudun mil 30 a awa, ka take totur har ƙasa. In ƙarar injin ta hau amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ya ƙare. Zanen taya kada ya gaza milimita 1.6, in ya gaza, tara ce da makin laifi uku a lasisinka a kan kowace taya.

Wajen dila ya fi tsada, amma dokar kare mai saye ta 2015 ta ba ka kwana 30 ka mayar da mota in ta fito da aibin da ta zo da shi. Wajen mutum kai tsaye kuwa, muddin bai yi ƙarya a bayaninsa ba, abin da ka gani shi ka saya.

Kafin ka miƙa ko sisi, nemi farashin inshora da lambar motar. Sabon zuwa ba shi da tarihin tuƙi a ƙasar, sau da yawa inshorar shekara tana kai kuɗin motar ko ta wuce. An kasa motoci rukuni 1 zuwa 50, ƙaramin rukuni ya fi sauƙi. A kiyayi masu tallar inshora mai araha a WhatsApp, takardar bogi suke bayarwa, kuma tuƙi babu inshora fam 300 ne da maki shida, a kuma ɗauke motar. Mai niyyar kai abinci ko kaya, inshorar yau da kullum ba ta rufe wannan aiki. Harajin hanya ba ya bin mota zuwa sabon mai ita tun 2014, da koren yankin V5C za ka biya naka kafin ka tuƙa. Motocin Maris 2001 zuwa Maris 2017 da yawan hayaƙinsu ake yanka musu, shi ya sa ƙaramar mota ke biyan kaɗan, babbar mai lita 2.5 kuma fam ɗaruruwa.

In ta shigo hannu, akwai ɗabi'un gida da sai an ajiye. Makanikanmu sun saba cire tamostat su haɗa fanka kai tsaye saboda zafin rana. A nan injin da ba ya kai zafinsa kwamfutarsa tana ci gaba da ƙara masa fetur, hita kuma ba ta ɗumi. In allurar zafi ba ta kai tsakiya bayan minti goma na tafiya, tamostat ya maƙale a buɗe, a canza. Ruwan famfo zalla a lagireto daskarewa yake cikin Janairu ya fasa injin, sai ruwan da aka haɗa da maganin daskarewa. Baƙin mai 20W-50 mai kauri ba na waɗannan injina ba ne, bi littafin motar, yawanci 5W-30 ko 0W-20, juye sau ɗaya a shekara ko da tafiyar kaɗan ce. Barin mota tana aiki minti goma da sunan ɗumama injin ɓarnar mai ce, kuma laifi ne ka bar ta a kunne a titi ka shige gida. Kankare gilashi, tayar, ka tafi a hankali.

Fetur na yau da kullum E10 ne tun Satumba 2021, wato wanda aka gauraya da sinadarin ethanol har kashi goma cikin ɗari. Duk motar da aka ƙera daga 2011 tana shansa, haka yawancin na shekarun 2000, amma in taka tsohuwa ce duba a gov.uk. Gidajen man Asda da Tesco sun fi na kan babbar hanya sauƙi nesa ba kusa ba. Don sanin ainihin shan motarka, cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, mayar da ƙaramar mita sifili, in ka sake cikawa raba litocin da 4.546, sannan ka raba mil ɗin da abin da ya fito. In ƙaramar mota ta ba ka ƙasa da mil 33 a galan a tafiyar da ta haɗa gari da hanya, fara da iskar taya, sai matatar iska da filogi, sannan bayan tafiya ka kusantar da tafin hannu ga kowace ƙafa. Wadda ta fi sauran zafi, birkinta ne ke riƙewa.